Me Ya Sa 'Yan Kallo Suka Juya Wa Kashi Na Uku Na Matrix Baya?

Ranar Laraba, 5 ga Nuwamba 2003, kamfanin Warner Bros ya saki The Matrix Revolutions, kashi na uku a jerin fina-finan Matrix, ta hanyar da ba a saba gani ba. Maimakon kowace ƙasa ta jira nata lokacin, an kunna fim ɗin a gidajen silima na ƙasashe da dama a daidai lokaci guda: ƙarfe shida na safe a Los Anjalas, tara na safe a Niyok, biyu na rana a Landan, biyar na yamma a Mosko, sha ɗaya na dare a Tokiyo. Dabarar ta rage wa masu satar fasaha hanya, ta kuma hana wani ya riga wani jin yadda labarin zai ƙare. Mutane suka yi tururuwa. Cikin kwana biyar fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 200 a faɗin duniya.

Daga nan sai kasuwa ta watse. A ƙarshen mako na biyu cinikinsa a Amurka ya faɗi da kashi 66 cikin ɗari, har wani fim ɗin barkwanci na Kirsimeti mai suna Elf ya ture shi daga matsayi na ɗaya. Da aka rufe lissafi, Revolutions ya tashi da kimanin dala miliyan 427. Kashi na biyu, The Matrix Reloaded, wanda ya fito wata shida kacal kafin nan, ya tara kusan miliyan 740. Jaruman su ne dai, daraktocin su ne dai, tare ma aka ɗauki fina-finan biyu, akasari a birnin Sidni na Ostireliya, amma giɓin da ke tsakaninsu ya haura dala miliyan 300.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce fim ɗin bai yi kyau ba, shi ke nan. Tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta yi gajarta. A ganina hukunci biyu aka haɗa aka ɗora wa fim ɗaya. Na farko hukuncin kashi na biyu ne, wanda ya makara bai iso ba sai watan Nuwamba. Ɗayan kuma saɓani ne tsakanin masu fim da masu kallo a kan yadda ya kamata labarin yaƙi ya ƙare, ko da nasara ko da sulhu. Wanda bai kalli fina-finan ba ya yi haƙuri, ba yadda za a yi wannan bayani ba a fasa ƙwai ba.

A kashi na farko, wanda 'yan gidan Wachowski su biyu suka rubuta suka kuma ba da umarni a 1999, Keanu Reeves ya fito a matsayin Neo, wani ma'aikacin kwamfuta da ya gano cewa duniyar da yake rayuwa a ciki ƙarya ce. Injina masu tunani sun daɗe da cin ɗan Adam da yaƙi. Sun kwantar da mutane cikin wasu kwasfa suna zuƙar wutar jikinsu, sun kuma jona ƙwaƙwalwarsu da wata duniyar kwamfuta don kada su farga. Ita ce Matrix. 'Yan tsirarun da suka kuɓuta suna zaune a Zion, wani birni can ƙarƙashin ƙasa, suna jiran mai ceton da aka yi musu albishir da zuwansa. Morpheus ya yi imani Neo ne wannan mai ceto, Trinity ta faɗa sonsa, shi kuma jami'i Smith, wanda Hugo Weaving ya fito a matsayinsa, shi ne bos. An kashe kimanin dala miliyan 63 wajen shirya fim ɗin, ya dawo da sama da miliyan 460, ya ɗauki kyautar Oscar huɗu. A fitowar ƙarshe Neo ya ɗaga waya ya shaida wa injina cewa zai nuna wa mutane duniyar da babu ikonsu a cikinta, ya ajiye wayar, ya tashi sama. Kowa ya fita daga silima da fahimta ɗaya: nan gaba za a 'yanta bayi, za a rushe kurkukun. Alƙawari kaya ne, kuma shekara huɗu mutane suka yi suna jiran a sauke shi.

Kafin a shiga abin da ya faru, akwai buƙatar a san da me ake auna ra'ayin 'yan kallo, domin nan ne ake yawan cakuɗa abubuwa. Masu sharhin fim a jaridu daban suke. A shafin Rotten Tomatoes, wanda ke tattara sharhinsu, sama da kashi 80 cikin ɗari sun yaba wa fim na farko, sama da kashi 70 sun yaba wa na biyu, amma na uku kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai suka ce ya yi. Su masu sayen tikiti kuwa, ma'aunin da 'yan kasuwar fim suka fi amincewa da shi shi ne na CinemaScore, wani kamfani a Las Begas da ke raba wa mutane kati a gidajen silima ranar da aka buɗe fim, su ba shi maki daga A zuwa F. Matrix na farko ya samu A-, na biyu B+, na uku B. Wanda bai san kan abin ba zai ce ai B ba laifi. To, a duba su wa ke zuwa kallo ranar farko. Masoya ne na gani-kashe-ni, waɗanda suka sayi tikiti tun kafin su ji ta bakin kowa. Irin waɗannan ba sa rowar maki. Idan babban fim irin wannan ya samu B daga hannunsu, ma'anarsa sun fito jiki a sanyaye, kuma gobe idan abokin aiki ya tambaye su ya fim, za su ce ya bari ya fito a faifai.

Ƙuri'ar intanet, inda kowa ke iya ba da maki ko ya kalla ko bai kalla ba, ita ce mafi rauni a cikin ma'aunan, amma ita ta fi ƙara. An ga haka a 2017 da Star Wars: The Last Jedi, wanda ya samu A a katin silima, alhali makin 'yan kallo a Rotten Tomatoes bai kai rabi ba. Sai a 2019 shafin ya fara ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Mai fushi ya fi mai gamsuwa saurin rubutu, wannan kowa ya sani. Abin lura game da Revolutions shi ne duk ma'aunan sun nuna gefe ɗaya, wato ba hayaniyar wasu 'yan tsiraru ba ce.

Yanzu ga hukuncin da na ce ya makara. A Amurka, Reloaded ya tara kusan dala miliyan 134 a kwana huɗun farko. Revolutions ya tara kusan miliyan 84 a kwana biyar. Waɗanda suka ƙi fitowa a wannan makon ba su ga kashi na uku ba tukuna, to da me suka yanke masa hukunci? Wasu sun karanta sharhin jaridu, gaskiya ne, amma akasarinsu da kashi na biyu suka yanke. Cinikin farko na kowane kashi sakamakon jarrabawar wanda ya gabace shi ne. Miliyan 740 na Reloaded ladan fim ɗin 1999 ne, ba nasa ba. Nasa sakamakon sai Nuwamba ya fito, aka manna shi a goshin ƙaninsa.

Me Reloaded ya yi? Ya ci bashi mai nauyi, ya bar wa na uku biya. Fitowar da ta fi kowacce jawo magana ita ce ta kusa da ƙarshe. Neo ya buɗe wata ƙofa ya samu kansa a ɗaki zagaye da allunan talabijin, kowane allo na nuna fuskarsa. A tsakiya ga wani dattijo mai farar gemu zaune a kujera, sanye da kwat mai haske, yana juya alƙalami a hannu. Shi ne Architect, manhajar da ta ƙera Matrix. Cikin dogon Turanci mai wuyar haɗiya ya shaida wa Neo cewa albishir ɗin mai ceto shi kansa tarko ne. Neo shi ne na shida. Sau biyar injina suna rushe Zion, kowane karo mai ceton wannan zamanin ya zaɓi mutum kaɗan ya sake gina birnin, a sake zagayowa. Tawayen ma wani sashe ne na tsarin, hanyar da ake tara masu taurin kai wuri ɗaya a share su lokaci zuwa lokaci. Aka nuna masa ƙofa biyu, ya bar wadda magabatansa suka bi, ya zaɓi wadda za ta kai shi ceton Trinity.

Wannan fitowa ta kwance wa fim na farko zani a kasuwa. Wasu suka ji daɗin ƙarfin halin, wasu suka ji an yaudare su. Kafin a farfaɗo daga wannan sai aka ƙara wani. A duniyar zahiri, inda bai kamata Neo ya iya komai ba fiye da kowane mutum, ya ɗaga hannu ya tsayar da injinan farauta, ya faɗi sumamme. Aka kwantar da shi kusa da Bane, mutumin da Smith ya shiga jikinsa ya fito daga Matrix. Fim ya tsaya nan.

Wata shida masoya suka yi suna warwara da tufka. Hasashen da ya fi karɓuwa shi ne Zion ma ƙarya ce, wato wata Matrix ce aka lulluɓe ta farko da ita, shi ya sa ikon Neo ke aiki a can. Hasashe ne mai daɗi, yana da hujjoji, kuma da ya tabbata da kowa ya tafa. Nan matsalar jira take. Mutum biyu ne suka rubuta labarin, amma dubban mutane ne suka zauna suna rubuta masa ƙarshe a zukatansu, kowa ya ƙawata nasa yadda yake so. Da wuya abin da ke kan allo ya kai na cikin kai. Da Revolutions ya zo, amsar da ya bayar a kan wannan babbar tambaya ba ta wuce jimla biyu ba. Oracle, tsohuwar nan mai duba wadda ita ma manhaja ce, ta ce ikon mai ceto ya zarce Matrix, yana kaiwa har tushen injina. Aka wuce.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma kashi na uku shi ne ranar wanka. Ga yadda aka kasa lokacinsa. An buɗe da Neo maƙale a wata tashar jirgin ƙasa fara fat, tsakanin Matrix da duniyar injina, yana hira da wani magidanci da matarsa da 'yarsu Sati, dukkansu manhajoji. Bayan an fito da shi sai labari ya rabe biyu. Neo da Trinity suka ɗauki jirgi suka nufi birnin injina, sauran suka koma kare Zion daga injina 250,000 da ke haƙo ƙasa. Yaƙin Zion shi ne tsakiyar fim ɗin, kuma ta fuskar fasaha abin a yaba ne. Mayaƙa na zaune cikin manyan sulken ƙarfe masu ƙafa biyu, bindiga a kowane hannu, suna ɓarin wuta sama, injina na kwararowa ta rufin da aka huda. (Har yau ana tsokanar wanda ya zana wannan sulke, domin matuƙin a fili yake zaune, ko gilashi babu a gabansa.) Amma su wa ake kallo a wannan dogon yaƙi? Kyaftin Mifune, wani yaro da ake kira Kid, da Zee. Mutanen da ɗan kallo bai san su sosai ba. Neo da Trinity sun ɓace daga allo na tsawon lokaci. Morpheus, wanda a 1999 ko tari ya yi sai an saurara, ya koma mataimakin matuƙi a gefen Niobe, tana ba da umarni yana murɗa abin da aka ce ya murɗa. Ita kanta Matrix, duniyar baƙaƙen riguna da baƙin gilashi da kauce wa harsashi, ba a shiga cikinta ba sai kaɗan a farko da kaɗan a ƙarshe.

Wanda ya zo don faɗa ya samu faɗa, amma ba irin wanda ya biya kuɗi don shi ba. Kuma a lokacin salon ya riga ya tsufa. Dabarar nan ta tsayar da lokaci kyamara na zagaye jarumi, wadda ta girgiza duniya a 1999, an kwaikwaye ta a tallace-tallace da wasannin kwamfuta, an yi mata shaguɓe a Scary Movie da Shrek. Abin da ya taɓa zama mamaki ya zama abin dariya tun kafin masu shi su dawo.

Sai ƙarshen. Bane ya makantar da Neo. Jirginsu ya keta gajimare, Trinity ta ga rana ta gaskiya karo na farko a rayuwarta, jirgin ya faɗo, ƙarafa suka tsire ta. Matar da Neo ya sayar da makomar 'yan Adam don ya cece ta wata shida da suka wuce, ga ta ta mutu, bayan wani dogon bankwana da mutane da yawa suka ce ya yi yawa. Neo ya isa gaban shugaban injina, ba da makami ba, da tayi. Smith ya gagari kowa, ya mamaye duk wanda ke cikin Matrix ya mayar da shi Smith, kuma injinan kansu ba su tsira ba. Neo ya ce zai kawar musu da shi, su kuma su bar Zion. Aka jona shi. Cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, dubban Smith jere a gefen titi da tagogi suna kallo, suka gwabza a ƙasa da sama. Smith ya fi ƙarfinsa. Daga ƙarshe Neo ya tsaya ya bari Smith ya mamaye shi, ta nan injina suka samu hanyar goge Smith gaba ɗaya. Aka ɗauke Neo shimfiɗe, hannuwa a buɗe. Injina suka janye daga Zion. A wani lambu Oracle ta tambayi dattijon nan makomar waɗanda ke son fita daga Matrix, ya ce za a sake su.

A taƙaice, akta bai kashe bos da hannunsa ba, akta ya mutu, budurwarsa ta mutu, kurkukun na nan daram, masu kurkukun ma na nan, kuma zaman lafiyar ya rataya ne a kan alƙawarin wanda ya rushe Zion sau biyar. Mai kallon fim ɗin faɗa ba haka ya saba ba.

Ni dai ina tare da masu fim a kan sulhun, ba na tare da su a kan yadda suka kai mu wurinsa. A yi tunani: da Neo ya rushe birnin injina, me zai faru da ɗimbin mutanen da ke kwance cikin kwasfa, waɗanda injinan ne ke ciyar da su? Da an farkar da su gaba ɗaya, ina za a kai su, a duniyar da babu rana babu shuka? Tun a fim na farko Morpheus ya faɗa cewa yawancin mutane ba su shirya fita ba, har ma za su yi faɗa don kare tsarin. An ga Cypher, wanda ya san gaskiya sarai amma ya ci amanar 'yan uwansa don a mayar da shi cikin ƙarya. Labarin da ya shimfiɗa waɗannan ba zai ƙare da rushe komai ba sai ya ƙaryata kansa. Hirar tashar jirgi ma, wadda mutane suka ɗauka ɓata lokaci ce, aikinta ke nan. Uban Sati manhaja ne, amma ya sadaukar da abin da yake da shi don kada a goge 'yarsa, kuma da bakinsa ya kira abin da yake ji so. Idan a cikin abokan gaba akwai uba irin wannan, kisan kare dangi ba zai zama nasara ba.

Matsalar ita ce hujja mafi ƙarfi ta wannan sulhu ba a cikin fina-finan uku take ba. Tana cikin The Animatrix, wasu gajerun fina-finan zane tara da aka fitar a 2003, inda biyu daga ciki suka nuna cewa 'yan Adam ne suka fara zaluntar injina, suka ƙi tayinsu na zaman lafiya, suka toshe rana da hannunsu. Asalin Kid, yaron da aka ɗora wa buɗe ƙofar Zion, shi ma a can yake. Labarin Niobe kuma yana cikin wasan kwamfuta na Enter the Matrix, wanda aka ɗaukar masa kusan awa guda na fitowa da jaruman gaske. Masu fim sun ɗauka kowa zai bi su duk inda suka zuba labari. Mafi yawan mutane tikiti kawai suka saya, suka tarar an ba su littafi da wasu shafuka a yage.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba. Gloria Foster, wadda ta fito a matsayin Oracle cikin natsuwa da barkwanci, ta rasu a watan Satumba 2001 bayan ta gama aikinta na kashi na biyu. Mary Alice ta gaje ta, ta yi ƙoƙari, amma dole aka saƙa wani dalili a cikin labari na canjin fuska, a daidai fim ɗin da ya fi buƙatar ɗan kallo ya yarda da Oracle. Mawaƙiya Aaliyah, wadda aka fara ba matsayin Zee, ta rasu a haɗarin jirgin sama a watan Agusta na wannan shekarar, Nona Gaye ta maye gurbinta.

Sannan ga rashin sa'ar makwabci. Mako shida bayan Revolutions, The Return of the King ya fito, ƙarshen jerin Lord of the Rings. Shi ma an yi masa ƙorafin cewa ya ƙi ƙarewa, ana bankwana bayan bankwana. Amma abin da aka yi alƙawari tun farko, wato a halaka zoben, an halaka shi a gaban kowa. Ƙarshensa kuma sananne ne tun da littafin ya fito a 1955, babu wanda ya zo da nasa hasashen. Ya haura dala biliyan ɗaya, ya kwashe Oscar 11. Duk wanda ke neman misalin yadda ake rufe labari mai kashi uku ya samu a wannan hunturun, kuma kwatancen bai yi wa Matrix daɗi ba.

Me ya sa ɓacin ran ya yi zafi haka, har ya koma baya ya shafi fim na farko? Nazarin halayyar ɗan Adam yana da abin cewa. A 1993 Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun sa mutane tsoma hannu a ruwa mai tsananin sanyi na daƙiƙa 60. A wani zagayen suka tsoma na daƙiƙa 90, amma a talatin na ƙarshe an ɗan sassauta sanyin. Da aka tambaye su wanne za su maimaita, mafi yawa suka zaɓi mai tsawon, duk da ya fi wahala a jimlace. Ƙwaƙwalwa ba ta tara dukkan abin da aka ji ta raba. Tana riƙe inda abu ya fi tsanani da kuma yadda ya ƙare. Kashi na uku shi ne daƙiƙu talatin na ƙarshe na labarin da aka bi shekara huɗu. Shi ya sa wata zolaya ta yaɗu a tsakanin masoya, wai Matrix fim ne mai kyau, abin takaici ba a taɓa yi masa ci gaba ba. Suna yanke na biyu da na uku ne don su tsirar da na farko.

Kada a ɗauka ba wa mutane abin da suke so shi ne magani. The Rise of Skywalker na 2019, kashi na uku a sabon jerin Star Wars, ya gwada haka. Ya bi koke-koken da aka yi a kan fim ɗin da ya gabace shi yana warwarewa ɗaya bayan ɗaya, ya tono tsohon bos daga kabari, ya ba da cikakkiyar nasara. Ya samu B+ a katin silima, cinikinsa ya tsaya a kusan dala biliyan ɗaya, rabin abin da kashi na farko na wannan jerin ya tara a 2015. War for the Planet of the Apes na 2017 kuwa, shi ma kashi na uku a nasa jerin, masu sharhi sun yaba masa ƙwarai, amma ya sauko daga kimanin miliyan 710 na wanda ya gabace shi zuwa kimanin 490. Sunansa ya yi alƙawarin yaƙi, abin da ke ciki labarin baƙin ciki ne da zaman sansanin bauta. Kashi na uku ba ya samun sababbin 'yan kallo, domin babu mai fara labari daga ƙarshe. Daga cikin tsofaffin yake ɗiba, su kuma kullum raguwa suke.

'Yan gidan Wachowski ba su fito sun kare kansu ba, dama ba masu son hira da 'yan jarida ba ne a lokacin. Abin da suka yi ya fi ban sha'awa. A babban kundin faifan da aka fitar a 2004, maimakon su yi sharhin fina-finan da bakinsu kamar yadda daraktoci ke yi, sai suka sa muryoyi kashi biyu. A ɗaya, masana falsafa Cornel West da Ken Wilber, masu son fina-finan, suna warware ma'anoni. A ɗayan, masu sharhi uku, Todd McCarthy da John Powers da David Thomson, suna kallon na biyu da na uku suna kushewa. Kamfani ya buga sukar hajarsa ya sayar tare da hajar.

Da shekaru suka ja, Revolutions ya samu masu kare shi, musamman waɗanda suka kalli ukun a jere ba tare da jiran wata shida da tarin hasashe ba. Ba su zama masu rinjaye ba. A watan Disamba 2021 Lana Wachowski ta dawo ita kaɗai da kashi na huɗu, The Matrix Resurrections, ta tayar da Neo da Trinity duka biyun. Cinikinsa bai kai dala miliyan 160 ba, kodayake ya fito ana tsakiyar annobar korona, an kuma sa shi a manhajar HBO Max rana ɗaya da silima, saboda haka ba a auna shi da ma'aunin 2003. Mutuwar jaruman ta janye, amma ba ta mayar da injina abokan gaba zalla ba. A cikin labarin shekara sittin sun wuce, Niobe ta tsufa tana shugabantar wani sabon birni mai suna Io, kuma wasu daga cikin injinan suna zaune tare da mutane a can, suna taya su noma.